Ranar da Mai Walda Ya Narkar da Mabuɗin Ɗakinsa

Akwai wani mai walda da ake kira Tartsatsi. Ba sana'ar kaɗai ta jawo masa sunan ba. Mutum ne da in ka ce masa sannu da aiki, sai ya ajiye ƙarfe ya tambaye ka me kake nufi. An ce ya taɓa marin janareto don ya mutu ana tsakiyar aiki, kuma waɗanda ke wurin sun rantse janareton ya tashi da kansa.

Amma a ba shi haƙƙinsa, ya iya ƙarfe. Ɗakin da yake haya a wani gida mai ɗakuna shida, ranar da ya tare ya cire ƙofar katakon ya dasa tasa. Kaurinta ya kai yatsa. Kwadon kuma ya ɓoye shi cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da hannu kawai ke shiga, zarto ba ya kai, guduma ba ta samu. Tagar ma ya gitta mata rodi, ko kyanwa sai ta rame kafin ta wuce.

Kullum sai ya bugi ƙofar da tafin hannu ya ce wa maƙwabta, "Ɓarawon da zai buɗe wannan, sai ya zo da abincin rana."

Matarsa mace ce mai sanyin magana. Mahaifiyarta ta rasu, danginta suna nesa, ga shi haihuwar fari. Da ta sauka lafiya ta samu 'ya mace, ta dawo gida da jaririya a hannu da tambayoyi cike da kai, ba wanda za ta yi wa.

Kafin a sallame ta, wata ma'aikaciyar asibiti ta karɓi wayarta ta sa ta a wani zauren hira na masu jego a wayar. Mai zauren wata tsohuwar ungozoma ce da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Dokar zauren ɗaya ce. Duk wadda ba ta cika wata biyu da haihuwa ba, kowace safiya sai ta aiko saƙon murya ta amsa abu uku: ya kanki, ya jini, ya yaro da nono. Wadda ta yi shiru, a kira ta. In ba ta ɗaga ba, waɗanda suka fi kusa da ita su je har ƙofarta.

A nan maijego ta koyi yadda ake riƙe jaririya a nono ba tare da ta yi kukan zafi ba. A nan ta ji cewa kukan da ke zuwar mata haka kawai ba hauka ba ne, kusan duk sun yi shi. A nan ma ta fara dariya.

Dariyar ce ta tsone wa Tartsatsi ido.

A ganinsa, duk macen da ta danna waya tana murmushi, sirrin mijinta take rabawa kyauta. Ya fara da harara, ya koma tsaki, ya kai ga cewa, "Wai ni na auro ki ko waɗannan matan?"

Rana ta shida da haihuwar, da safe yana ɗaura takalmin aiki, ya ji ta tana magana ƙasa-ƙasa a waya.

"Sista, kaina ne tun jiya kamar ana sara. Na sha magani bai sauka ba. Idona kuma yana ganin wani ƙyalli-ƙyalli, zobena ya ƙi fita daga yatsa. Maigidan ya ce rashin barci ne."

Ba a yi minti ɗaya ba amsa ta shigo. Muryar Sista ce, ba wasa a cikinta.

"'Yata, ajiye komai. Ki ɗauki yarinya ku tafi asibiti yanzu a auna jininki. Ba anjima ba. Ki ce maigidan ya kai ki."

Sai wata muryar ta biyo baya, mai kauri kamar ana mirgina ganga.

"Wane maigidan? Wannan da ya ce rashin barci ne? Ki tambaye shi, walda ya koya ko likitanci?"

Wata ta aiko dariya.

Kun san kunnen mai zuciya. Duk maganar Sista ta bi ta kunnen Tartsatsi ta fice kamar ba a yi ta ba. Dariyar ce kaɗai ta samu kujera ta zauna.

"Kawo wayar nan."

"Maigida, don Allah, ka ji abin da Sista ta ce..."

Ya damƙe wuyan hannunta ya murɗe. Ta yi ƙara, wayar ta faɗi, ita kuma ta tafi baya ta bugu da gefen gado. Jaririya ta farka ta tsala kuka. Ya ɗauki wayar, ya ɗora ta a bakin ƙofa, ya zaro guduma daga jakar aiki. Sau ɗaya ya isa, amma sai da ya yi sau bakwai. Gilashi ya tarwatse har cikin kwanon wankin jaririya.

"Yanzu sai su yi dariyar na ji. Ki kwanta ki yi barci, ciwon kai zai tafi. Kuma ba mai shigo min ɗaki yau."

Ya ja ƙofarsa, ya zura hannu cikin akwatin, kwado ya ce ƙaras. Ya tafi shago yana jin kansa namiji.

Shagon nasa a bakin titi yake, tafiyar minti biyar. Ya kunna inji, ya sa baƙin gilashi, ya kama ƙera wata ƙofar. Bai fi awa ɗaya da rabi ba ya ji wata tsohuwar akori-kura ta tsaya a gabansa, tana tari kamar mai asma.

Mata uku suka sauko. Ta farko 'yar tsohuwa ce ƙarama da farin gilashi da jaka a hammata. Ta biyu siririya ce da goyo a baya da lema a hannu. Ta ukun kuwa, da ta sauko sai da motar ta ɗaga ta yi ajiyar zuciya. Uwar Tagwaye kenan, mai sayar da gawayi buhu-buhu, wadda ba ta taɓa biyan ɗan dako ba tunda ta fara sana'a. Tun kafin ta buɗe baki Tartsatsi ya gane muryar ganga.

Tsohuwar ta yi sallama. "Ɗana, ni ce Sista. Mun kira matarka waya ba ta shiga, muka je gida muka tarar da kwado. Na yi magana da ita ta taga. Fuskarta ta kumbura, ba ta ganina sosai. Na bar ɗaya daga cikinmu a tagar tana kallonta. Ba ni mabuɗi."

"Iya, a gidanki akwai miji?"

"Ya rasu."

"To shi ya sa."

Sista ba ta ko ƙifta ido ba. "Zage ni da kyau in mun dawo, zan kawo maka kujera. Yanzu dai mabuɗi."

"Matata ce. Ɗakina ne. Ƙofata ce, ni na ƙera ta. Ku kama gabanku kafin raina ya ɓaci."

Uwar Tagwaye ta ce, "Au, wannan da muke gani bai ɓaci ba kenan? Ƙanena, ba da mabuɗi mu rabu lafiya."

Sista ta hango igiyar mabuɗin tana leƙowa daga aljihun rigarsa, ta miƙa hannu. Shi kuwa bai yi wata-wata ba, ya sa hannu biyu ya hankaɗe ta. Tsohuwa ta tafi da baya ta faɗa kan tarin rodi. Gilashinta ya yi gefe, girarta ta fashe, jini ya gangaro mata har haɓa.



Abin da Tartsatsi ya iya tunawa bayan nan shi ne ƙafafunsa sun bar ƙasa. Uwar Tagwaye ta ɗauke shi yadda take ɗaukar buhu, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a wuyan riga, ta maka shi kan tulin kwanon rufi. Ƙarar ta sa mai facin da ke gefe ya saki taya ya ruga, ya ɗauka taransifoma ce ta fashe.

Ya miƙe ya kai mata naushi a kafaɗa. Ta dubi wurin kamar ƙuda ne ya sauka, ta ba shi mari ɗaya da ya juya masa baƙin gilashin zuwa ƙeya. Mai lema ta shigo ta baya tana zuba masa a gadon baya, goyonta na barci abinsa, da alama ya saba. Tartsatsi ya cafki guntun bututu ya wurga, ya fasa gilashin akori-kura. Uwar Tagwaye ta kama shi a ƙafa ta ja shi cikin garin ƙarfe da baƙin mai har leɓensa ya tsage.

Mutane sun taru. Maza suna cewa a bari, amma daga nesa suke faɗa.

Da ƙyar ya sulle ya faɗa bayan teburin aiki. Hancinsa na jini, jama'a na kallo, wani ma yana dariya. A nan shaiɗan ya raɗa masa dabarar da ba wanda zai yi tunaninta sai mai walda. Ya fizgo mabuɗin, ya matse shi a bakin ƙarfen matsi, ya ɗauki sandar walda ya dangwala. Wuta ta yi fau. Kafin a ce wani abu, mabuɗi ya zama ɗan dunƙulen ƙarfe ja yana hayaƙi.

Ya tura shi da filaya ya faɗo gaban Sista. "Ga shi nan. Ku je ku buɗe."

Hankalinsa kwance yake, don ya san akwai na biyu. Yana cikin wani tsohon takalmi a ƙarƙashin gado, inda ko matar ba ta sani ba. In ya tashi aiki sai ya ce ta miƙo masa ta taga. Lissafi ya fita tsaf.

Sista tana zaune a ƙasa, ta danne girarta da gefen mayafi. Ta dubi dunƙulen, ta dube shi.

"Yaro, saurara, sau ɗaya zan faɗa. Jinin matarka ya hau. Yana faruwa bayan haihuwa, ko an sauka lafiya. Abin da ke biyo bayan wannan ciwon kan shi ne jijjiga. Na ga mata sun tafi a cikinta kafin a samo mota."

Zai buɗe baki kenan wayarta ta yi ƙara. Wadda aka bari a taga ce. Sista ta sa a lasifika.

"Sista! Ta faɗi! Ta tashi za ta ɗauki yarinyar sai ta faɗi ƙasa, jikinta duk yana karkarwa, kumfa na fita! Ku zo, wayyo ku zo!"

Bayan muryar ana jin kukan jaririya. Ana kuma jin wani abu yana bugun siminti, daf, daf, daf. Dugadugan matarsa ne.

Tartsatsi bai san lokacin da ya suri injin yankan ƙarfe da babbar guduma ba. Ya riga motar isa gida.

Ya manne fuska a rodin taga. Tana kwance tsakanin gado da bango, idanu sun juye, haƙora sun datse harshe, jini da kumfa a gefen baki. Jaririya tana bakin katifa tana wutsil-wutsil, saura kaɗan ta gangaro. Takalmin da mabuɗin ke ciki yana nan, yana kallonsa, bai fi taku uku ba.

Ya kira ta. Ya sake kira. Ya zura hannu har kafaɗa, rodin ya ƙi shi. Shi ya auna tazarar da kansa.

Ya jona inji a ɗakin maƙwabciya ya kafa wa akwatin kwadon. Wuta ta riƙa feshi, ƙarfe ya ƙi ci. Ya san ƙa'ida, ba a danne inji, a hankali ake binsa. Amma yau wa ke da hankali? Ya danna da dukkan ƙarfinsa. Faifan injin ya fashe. Guntu ɗaya ya wuce ta gefen kunnensa, ɗaya ya shige masa hannun dama ya buɗe shi daga wuyan hannu zuwa gwiwa.

Ya yar da inji ya ɗauki guduma da hagu. Ya buga, ƙofa ta yi gum ta tsaya. Ya sake bugawa. A bugu na biyar gudumar ta kuɓuce masa ta dawo, ya sa hagun tarewa, ta haɗa yatsunsa uku da bakin akwatin. Duk gidan sai da aka ji ƙarar ƙashi.

Ya durƙusa a gaban ƙofarsa yana dukanta da goshi. "Ku taimake ni! Don Allah ku taimake ni!"

Sista ta iso, jini ya bushe mata a kumatu. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta leƙa taga, ta auna inda gado yake da inda maijego take, sannan ta zagaya gefen ɗakin ta ƙwanƙwasa bango da 'yan yatsu. Ta kankare shi da farce, yashi ya zubo.

"Uwar Tagwaye, nan. Daga ƙasa, kuma ki ja bulon waje, kar ya faɗa ciki."

Mai gidan haya ya fito da carbi a hannu yana ihu. "Kai, kai, kai! Bangona! Wa zai..."

Mai lema ta nuna masa tsinin lemar a ƙirji. "Baba, koma ka ƙarasa lazimi."

Ya koma.

Uwar Tagwaye ta tofa yawu a tafin hannu ta ɗauki gudumar da ta karya mai ita. Bugu na farko, bango ya tsage. Na biyu, bulo biyu suka zama gari. Ashe tun ranar gini siminti ya yi wa yashi sallama kawai ya wuce. Bugu shida, aka samu ramin da mutum zai shiga. Sauran matan gidan suka sa hannu suna janye ɓaraguzai, wata da turmi, wata da murfin tukunya.

Sista ta rarrafa ta shige. Ta fara miƙo jaririya, mai lema ta karɓa. Wata maƙwabciya ta zuro cokali tana cewa a sa mata a baki.

"Mayar da cokalinki! Ba a sa komai a bakin mai jijjiga. Ku taya ni mu juya ta gefe."

Suka kwantar da ita a gefen hagu, Sista ta share mata baki, ta jira karkarwar ta lafa. Sannan aka naɗe ta a bargo aka fito da ita ta ramin. Uwar Tagwaye ta ɗauke ta, wannan karon a hankali kamar tiren ƙwai, ta shimfiɗa ta a bayan akori-kura. Sista tana waya da asibiti tana faɗa musu abin da za su tanada.

Uwar Tagwaye ta ja mota. Tartsatsi ya biyo ta da gudu, hannaye biyu na zubar da jini. Uwar Tagwaye ta taka birki ta leƙo.

"Hau baya. In ka ɗiga mata jini, zan sauke ka ba tare da na tsaya ba."

A asibiti aka wuce da maijego ciki da gudu, shi kuma aka kai shi wani ɗakin. Ɗinki goma sha tara a dama, karaya uku a hagu. Aka naɗe hannayen biyu har suka koma kamar ƙullin kaya. A gadon da ke kusa da nasa ake ɗinke girar Sista. Bai iya ɗaga kai ya dube ta ba.

Likita ta fito ta ce an yi mata allura, jinin ya fara sauka. Ta ce da an ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi. Ta tambayi wa ya jinkirta kawo ta. Duk suka juya suka dubi mutum ɗaya.

Sai washegari da hantsi maijego ta farfaɗo sosai. Matan zauren sun cika ɗakin, wata ta kawo ruwan zafi, wata ta wanke kayan jaririya, wata ta kwana da ita. Tartsatsi ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Harshenta ya kumbura, maganar da ƙyar take fita. Ta dubi shatin yatsunsa a wuyan hannunta, sannan ta dube shi.

"In an sallame ni, gidan Sista zan tafi."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Ya buɗe baki. Tsohon halin ya taso har maƙogwaro, ya duba bai ga inda zai sauka ba, ya koma. Ya ce, "To. Ki yafe ni."

Ta rufe ido.

Jaririya ta motsa ta fara kuka. Sista ta ɗauke ta, ta zo har gabansa, filasta a girarta.

"Uwarta na buƙatar hutu. Karɓi 'yarka."

Ya miƙo hannaye. Ya dubi na dama, ya dubi na hagu. Ba yatsa ɗaya da zai iya lanƙwasawa. Yarinyar tana kuka a tazarar taku ɗaya daga ƙirjinsa, shi kuma yana tsaye da dunƙulen bandeji biyu a sama.

Sista ta ɗan jira, don ya ji abin da kyau. Sannan ta juya ta miƙa wa Uwar Tagwaye.

Darasi: Mace ba ta gama haihuwa ranar da ta sauka, kwanakin da ke biye suna da nasu haɗarin. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ko jinin da ya ƙi tsayawa, ba abin a kwanta a yi barci ba ne, abin asibiti ne nan take. Maigida, masu tambayar lafiyar matarka ba abokan gabarka ba ne, kar zuciya ta sa ka datse hanyar da taimako zai bi ya iso gare ta. Maijego, kar ki yi shiru, ki nemi waɗanda za su lura in ba su ji muryarki ba. Ku tura wannan ga duk mai ciki da mai jego da kuka sani, amma ku fara tura wa mazajensu.